Man tsirrai a kan ɗinkin tiyata, yana kare ciwo ko ɓata shi yake yi?

Auta_ce:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da bayani. Yayata ce za a yi wa tiyatar haihuwa, likita har ya sa rana saboda yaron a gicciye yake kwance, kuma ni ce zan zauna da ita jinya. Abinda ke ɗaga min hankali shine wancan karon da aka yi mata aiki ɗinkin bai kama da wuri ba, ya yi ruwa ya dinga fidda mugunya sai da aka sake buɗe gefe ɗaya ana wankewa kullum, ta sha wahala ba kaɗan ba wlh ga jariri ga ciwo, ni kam bana so a maimaita wannan.

To na yi ta karance karance a intanet na ga ana ta cewa man da ake tatsowa daga tsirrai irin su man ti-tiri da man kanumfari da na kirfa suna kashe ƙwayoyin cuta har ma waɗanda suka fi ƙarfin antibayotik, na ga hotunan gwaji ma inda aka ɗiga man ƙwayoyin suka mutu zagaye da shi. Har na sayi na ti-tiri ɗin na ajiye. Tambayata in aka sallamo mu zan iya dinga shafa mata a bakin ɗinkin don kar ya ruɓe? Sannan wata ta ce min gara ta fara shan kafso tun a gida kafin ranar aikin don jikinta ya cika da magani, shi ma gaskiya ne? Kuma ta aske gashin wurin tun a gida ko ta bari? Ku yi haƙuri tambayar ta yi yawa, tsoro ne.

MaiGanye:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ta lafiya. Ni dai ba likita ba ne amma na daɗe ina bibiyar harkar tsirrai, kuma abinda kika karanta ba ƙarya ba ne. Man kanumfari akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira yujinol, likitocin haƙori har gobe suna amfani da shi, ana kwaɓa shi da farin garin zink a yi cikon haƙori na wucin gadi, yana rage zogi yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Shi kuma ti-tiri bishiya ce ta Ostireliya, tun wajen shekarun 1920 wani masanin kimiyya a can mai suna Arthur Penfold ya gwada mansa ya ga yana da ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta. Ko ruwan kurkure baki na Listerine da kowa ya sani in kin duba bayan kwalbar abubuwan da ke aiki a ciki su taimol da mentol da yukaliftol ne, asalinsu duk daga tsirrai aka sansu. Saboda haka ni yana min ciwo in na ji ana raina ganye kamar ba shi ne asalin magani ba.

Amma fa maganar shafawa a sabon ɗinki ni ba zan ce miki ki yi ba, don man nan masu zafi ne, na kirfa da na kanumfari in ba a sirka ba suna ƙona fata har ta sale. A jira masu aikin asibiti su zo su yi magana. A ganina dai in an sirka shi sosai da wani man mai sanyi bana jin zai cutar.

AntiNas:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata. Ni a ɗakin tiyata nake aiki, kuma amsata a kan man nan ita ce a'a, kar ki shafa, sirkakke ko marar sirki. Malam MaiGanye ka yi haƙuri a nan na saɓa maka, man da za a sirka da shi ɗin ma ai ba tsarkakakke ba ne, kwalbar ba a dafa ta ba, yatsan da zai lakato ba a sa masa safar hannu ba, to kin ga wurin da aka rufe da tsafta ke ce za ki dinga buɗe shi kina kai masa baƙi da hannunki.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shine yawancin ƙwayoyin cutar da ke ɓata ɗinki a lokacin aikin suke shiga, sanda fata take buɗe, kuma galibi daga jikin marar lafiyar suke fitowa ba daga iska ba, daga fatarta ko hancinta ko gabanta. Akwai wata bakteriya istafilokokus da kusan mutum 3 cikin 10 na yawo da ita a hanci lafiya lau bata yi musu komai, amma in ta samu yanka ta shiga sai ta zama bala'i. Shi ya sa duk yaƙin da muke yi a gabanin yanka ne da lokacin yanka, abinda za a shafa bayan kwana uku ya makara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji 29 a 2016 kan hana ciwon tiyata kamuwa, kuma a lokacin ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki wurin na kamuwa, a Afirka kuma matan da aka yi wa tiyatar haihuwa har kashi 20 kan iya kamuwa, kin ga yayarki ba ita kaɗai ba ce kuma ba laifinta ba ne. Abubuwan da ke cikin ƙa'idojin in kin karanta za ki ga ba wani abin mamaki a ciki. Ta yi wanka da sabulu kafin aiki, sabulun wanka na yau da kullum ma ya isa. Gashi kuma dan Allah kar ta sa reza, wannan ina so ki riƙe shi da kyau, reza na yin ƙananan yanka da ido baya gani kuma daga dare zuwa safe ƙwayoyin cuta sun cika su, in gashin zai hana aiki mu ne za mu rage shi da kilifa dab da shiga, in ba zai hana ba a bar shi.

Maganar kafso a gida ita ma a'a. Antibayotik na kariya allura ce da ake yi ta jijiya ana dab da yanka, a tiyatar haihuwa minti 30 zuwa 60 kafin a sa wuƙa, yawanci sefazolin ko makamancinsa, sau ɗaya, hikimar ita ce a daidai lokacin da aka buɗe ciki maganin ya kai ƙololuwa a jini da tsoka. In ta yi sati tana shan kafso a gida abinda zai faru shine ta kashe ƙwayoyin jikinta masu sauƙin mutuwa ta bar masu taurin kai su yaɗu a fatarta, ranar aiki su ne za su shiga ciwon kuma allurar tamu ta kasa musu komai.

Sai wanke fata a kan gadon aiki, wannan da kilohekzidin mai haɗe da sipirit ake so ko aidin in babu. Akwai binciken da aka buga a 2010 a Amurka kan mutum 849, waɗanda aka wanke wa fata da kilohekzidin da sipirit kashi 9.5 suka kamu, na aidin kuma kashi 16.1. Kuma ana barinsa ya bushe da kansa, ba a gogewa, don a bushewar yake gama aikinsa, ga kuma haɗarin gobara in an kunna na'urar ƙona jijiyoyin jini sipirit bai bushe ba. A tiyatar haihuwa ana kuma wanke gaban mace da aidin ko kilohekzidin kafin a fara, yana rage ciwon mahaifa bayan aiki.

Ke abinda za ki iya yi mata wanda ya fi man nan amfani nesa ba kusa ba, ki tabbata ta gaya wa likita ɗinkin baya ya taɓa kamuwa, a duba sugarta don hawan suga na hana ciwo warkewa, a duba ko jininta ya yi ƙasa a gyara tun yanzu, sannan duk wanda zai taɓa bandejin nan ya wanke hannu, har mu ma'aikata, kina da haƙƙin ki ce sista dan Allah a wanke hannu, wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

DanLab:

Anti ta gama magana a ɓangaren aiki, ni zan tsaya ne a kan hotunan nan da kika ce kin gani don irin gwajin da muke yi ne a ɗakin gwaje gwaje. Ana shuka bakteriya a faranti mai ɗauke da abincinta, a ɗora 'yar takarda da aka jiƙa da man, a bari ya kwana a ɗumi, da safe sai ka ga fili zagaye da takardar inda bakteriyar bata tsiro ba. Hoton gaskiya ne, man ya kashe ta. Yadda yake kashewa kuwa shi abu ne mai maiƙo, bangon ƙwayar bakteriya shi ma akwai maiƙo a jikinsa, sai man ya narke a ciki ya hudahuda shi abin cikin ya tsiyaye ta mutu.

To matsalar a nan take, ƙwayoyin halittar jikinmu su ma irin wannan bangon maiƙon gare su. Man bai san wannan bakteriya ce wannan tsokar mutum ce ba, duk wanda ya samu hudawa yake, kuma sababbin ƙwayoyin da ke saƙa bakin ciwo su haɗe shi sun fi kowa rauni. Antibayotik irin su fenisilin bambancinsu kenan, suna kai hari ne kan wani bango na musamman da bakteriya ke ginawa wanda mu bamu da shi sam, shi ya sa za a iya ɗura shi a jini mutum ya tashi lafiya. A faranti ko bilic ka zuba zai share komai tas, amma ba wanda zai ce a zuba bilic a ɗinki.

Sannan faranti babu jini babu mugunya babu kitse, abubuwan da a cikin ciwo na gaske suke rage wa magani ƙarfi. Kuma ba kowace bakteriya man ke ci ba, sudomonas wadda ke yawan kama raunuka ta sa su yi kore kore tana jure man ti-tiri sosai. Ga kuma rashin tabbas ɗin abinda ke cikin kwalba, ganye ɗaya in ƙasar da ya tsiro da lokacin girbi suka bambanta ƙarfin mansa ma ya bambanta, in kwalbar ta daɗe iska da haske na shigarta man ti-tiri na canzawa ya koma mai jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, ki yi tunanin fata ta yi ja ta kumbura a bakin ɗinki, a lokacin ko likita zai sha wuya kafin ya gane man ne ko ciwon ne ya kamu.

Wannan darasin su kansu likitocin tiyata da wahala suka koye shi. Likita Joseph Lister a birnin Gilasgo na Birtaniya shi ya kawo wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik, ya buga sakamakonsa a 1867 kuma ya ceci rayuka ba iyaka don kafin nan karaya mai huda fata sau da yawa yanke ƙafa ce ko mutuwa. Amma kabolik ɗin na cin fata, yana cin hannun ma'aikata, har feshinsa da yake yi a iskar ɗakin tiyata shi da kansa ya daina a 1890. A wajen wannan lokacin ne a asibitin Johns Hopkins na Amurka likita William Halsted ya sa aka yi safar hannu ta roba saboda magungunan wanke hannu sun lalata hannun nas ɗin da ke taya shi aiki. Daga nan hankali ya karkata daga zuba mai kashewa a cikin ciwo zuwa hana ƙwayar isa wurin tun farko, dafa kayan aiki a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, safar hannu, rigar tiyata, rufe baki da hanci.

Auta_ce:

Kai na gode ƙwarai Anti, na gode Malam DanLab, Allah ya ƙara ilimi, wlh da na tafka ɓarna da kyakkyawar niyya. Man kam na fasa. Amma akwai abinda ya tsaya min a rai, Anti kin ce allura ɗaya tak, to ni a tunanina in aka sallami mutum ba a rubuta masa antibayotik na sati ba kamar an yi sakaci ne, tunda nata ya taɓa kamuwa ba gara a ba ta na kwanaki ba ko don kwanciyar hankali? Sannan zuma fa, na ji ance ita har a asibiti ana sa wa a ciwo.

YarFamasi:

Ƙanwata bari in amsa miki wannan don kullum sai na yi wannan bayanin. An gwada an sake gwadawa, ci gaba da antibayotik bayan an rufe ciwo mai tsafta baya rage kamuwa, shi ya sa cikin ƙa'idojin nan da Anti ta ambata akwai wadda ta hana hakan kai tsaye. Abinda yake ƙarawa sai gudawa da ƙaiƙayin gaba da nauyi a ƙoda a wasu magungunan, da kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. In aiki ya yi tsawo ko an zubar da jini da yawa ana iya ƙara allura a cikin tiyatar, in kuma dama akwai ciwo a jiki kamar faya ta fashe da daɗewa zazzaɓi ya shiga to wannan magani ne ake yi ba kariya ba, dole a ba da na kwanaki, likitanta ne zai raba wannan da wancan. Kuma ki tuna masa in tana da wani maganin da jikinta baya so, musamman dangin fenisilin, tun kafin ranar.

Maganar jure magani kar ki ɗauka labarin nesa ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ci. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin su saba da shi, kuma ba a je ko'ina ba a 1961 aka ga istafilokokus mai jure maganin metisilin a Ingila, wadda yanzu ake kira MRSA. Abin da ke bani tsoro ni shine tiyatar haihuwa da dashen ƙashi da maganin cutar daji duk a kan antibayotik suka jingina, ranar da allurar nan ɗaya ta daina aiki aikin da yau muke ɗauka mai sauƙi zai koma kasada, kuma kowane kafso da aka sha ba dalili yana matso da ranar.

Zuma kuma eh ana amfani da ita amma ba wadda ke kwalbar gida ba, akwai ta asibiti da ake tacewa a kashe duk abinda ke ciki da haske na musamman, yawanci zumar manuka ta Niyuzilan, kuma a gyambo da ƙuna da ciwon da ya buɗe ake sa ta bisa umarnin likita. Ɗanyar zuma na iya ɗauke da ƙwayayen bakteriya masu sulke da basa mutuwa da sauƙi. Ɗinkin da aka rufe yana warkewa lafiya baya buƙatar zuma baya buƙatar man shafawa na antibayotik ma. Shi kuma man ti-tirin da kika saya ki ɗaga shi sama inda yara basa kaiwa don guba ne in aka haɗiya, kuma kar ya kusanci jaririn.

MaiGanye:

Na ƙaru gaskiya, batun sirki na janye tunda masu aikin sun yi bayani. Amma ina nan a kan bakana cewa bai kamata a rufe ƙofar tsirrai ba, musamman yanzu da Hajiya YarFamasi ke cewa magungunan na gazawa. Maganin maleriya da duniya ke taƙama da shi yau atemisinin ai daga ganye aka ciro shi a Sin a farkon shekarun 1970, har mai binciken da ta ciro shi Tu Youyou ta samu Nobel a 2015 a kansa, kwinin ma daga ɓawon bishiya ne. Abinda na fahimta daga maganar DanLab shine tsakanin ganye da allura akwai doguwar hanya ta tacewa da auna ƙima da gwadawa a jikin mutane, to ni roƙona masu bincike su bi hanyar nan da man tsirrai har ƙarshe, masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah su daina rubuta yana kashe duk wata cuta a jikin kwalba.

AntiNas:

Malam a wannan kam muna tare. Auta ga abinda za ki yi in kun koma gida. Bandejin farko a bar shi kamar yadda aka sa, kar a yi ta ɗagawa ana leƙe, yawanci bayan awa 48 fatar sama ta haɗe har ana barin mutum ya yi wanka, ruwa mai tsafta ya bi ta kai ba komai amma banda dirzawa, a tsane da tawul mai tsafta ta hanyar dannawa a hankali. In tana da tumbi yana rufe wurin a dinga ɗaga shi iska na shiga don danshi ne abokin ƙwayar cuta. Banda sipirit banda ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi banda hoda.

Ki dinga duba wurin kullum da hannu wankakke har wata guda, don kamuwar na iya bayyana ko yaushe cikin kwana 30, an fi ganinta a ƙarshen satin farko zuwa na biyu sanda kowa ya saki jiki. In kin ga ja yana faɗaɗa, ko wurin ya yi zafi ya yi tauri, ko zogin da ya fara sauƙi ya dawo yana ƙaruwa, ko ruwa mai kauri ko wari, ko bakin ɗinkin ya buɗe, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko jinin biƙi ya canza wari, ku koma asibiti a ranar, kar ku tsaya sayen kafso a hanya don in aka sha magani kafin a ɗebi ruwan ciwon a kai lab gwajin na iya ƙin nuna ƙwayar da ke ciki. Allah ya raba lafiya, ki dawo ki sanar da mu in an sauka.